Farar Ƙasa a Kan Damina Talatin da Bakwai

Shatu ta sake tsoma tsintsiya cikin bokiti, ta shafa wa bango farar ƙasa daga sama har ƙasa. Shafi na biyu ke nan tun jiya. Abin da ke ba ta haushi shi ne, muddin bangon na jiƙe sai zanen Baba ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin farin, baƙi ƙirin, kamar yana kallonta. Sai ya bushe sannan ya ɓace.

"Baba, ka tabbata dai?" ta ce, ba ta waiwayo ba.

Malam Nomau na zaune bakin ƙofa kan buzu, rediyo a kunnensa. Ana ta maganar zagaye na biyu na zaɓe, da alkawarin da soja suka yi cewa za su miƙa mulki su koma bariki.

"Sau nawa za ki tambaye ni?" ya ce. "Mutumin da ya ga na'urorin duniya, a sauke shi ɗakin da tsoho ya kakkarce kamar kaza ta yi tono? Ƙarasa aikinki."

Zanen ba ado ba ne. Tun shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, Shatu ma ba a haife ta ba, duk ranar da aka yi ruwa Malam Nomau yakan je gonarsa, gefen wani gawo, ya tona ƙasa da hannu har ya iske busasshiya. In laimar ta tsaya a yatsa, ya dawo ya karta gajeren layi a bango da ƙusa, ya bi da gawayi. In ta kai ɗani, layin ya fi tsawo. In ta kai gwiwar hannu, ya ja dogo. Ranar da ba ruwa, ɗigo. Ranar shuka, zobe. Ranar da wata ya tsaya, ɗan lauje. Kowace damina da sahunta, sahu talatin da bakwai, sun cinye bango uku. Na huɗu, mai ƙofa, shi kaɗai ya rage.

Baƙon da ake wa wannan gyara kuwa ba kowa ba ne, Dalhatu ne, ɗan farin gidan, wanda ke Kanada. Shekara shida rabonsa da gida. Da yake ɗan fari ne, Malam Nomau bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ya doguwar magana da shi. In Dalhatu ya bugo salula, tsohon kan amsa gaisuwa, ya miƙa wa Shatu, autar gida, ya ce, "Ji abin da baƙonki ke cewa." Inna ma ta fi shi; ita ko salular ba ta taɓawa.

Sati biyu da suka wuce Shatu ta hau tudun bayan gari inda rezon salula ke kamawa. Yayan nata ya ce yana nan tafe, kuma a ɗakin Baba zai yi aiki. Bai faɗi wane aiki ba. Ita ma ta ji nauyin tambaya. Da ta dawo ta faɗa, Baba ya ce a nemo farar ƙasa.

Ta gama da hantsi. Ta share ɗakin, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta tsaya ta duba. Fari tas, har yana ɗaukar ido. Tsagar da ke kusa da taga ma ta cike ta da laka tun jiya, ta shafe, ba a ko gane wurin.

Kafin azahar babura biyu na kabu-kabu suka tsaya ƙofar gida, ɗaya da mutum, ɗaya da jakunkuna. Daga tashar Gazawa suka ɗauko shi. Dalhatu ya sauko yana dafe da ƙugu, gemunsa ya fara furfura, gilashinsa ya karkace saboda hanya. Inna na jin muryarsa ta shige madafa, duk da ita ce tun asuba take dakan furar da ya fi so, mai kimba da kanumfari.

Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya yi gaisuwa. Malam Nomau ya amsa yana murɗa rediyo.

"Lafiya lau. Madalla. Shatu, a ba baƙo ruwa."

"Autar Inna," Dalhatu ya ce da ta miƙo masa kwanon, "ke ce kika zama babbar mace haka?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Sannu da hanya, Yaya."

Bai kai rabin furar ba sai ga Rabo ya yi sallama. Rabo ɗan ƙanwar Malam Nomau ne, taubashinsu, bakinsa ba ya hutawa. A bayansa yana goye da famfon feshin gona, igiyarsa ɗaya ta tsinke.

"Ina bawan nawa? An ce ka zo neman kujera. To ka makara, mun zaɓi dapite, ɗan majalisarmu, tun wata biyu da suka wuce. Sai dai in shugaban ƙasa, shi ma mutum biyu suka rage."

"Ko ƙuri'arka kaɗai ta rage a ƙasar nan ba na so," Dalhatu ya ce. Suka tafa suna dariya.

Rabo ya sauke famfon ya zauna. "Kai dai ka ba mu wahala. Da farko Kawu ya ce mana injiniya ne kai. Muka tara matattun rediyo muna jira. Bayan nan aka ce a'a, ka koma likitan ƙwaƙwalwa. Zuwanka na ƙarshe, gwaggo Hafsat ta yi tattaki tun daga Cadawa da ciwon kanta, ka ce kai ba ka ba da magani. Yanzu kuma me ka zama? Don in san abin da zan kawo."

Dalhatu ya aje ludayi. "Ai hanya ɗaya ce, kai ne ba ka bi ta ba. Na fara da ƙera na'urorin auna wutar lantarki. Sai wani likita ya ce in ƙera mashi wadda za ta auna 'yar wutar da ke gudu cikin kan mutum. Na ƙera, abin ya ja ni, na shekara takwas ina binciken yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye abu da yadda take tuno shi. Awon ya taru ya yi yawa har ba mai iya karanta shi. Dole na koyi yadda ake zama da tarin lambobi har su faɗi abin da ke cikinsu. Shi nake yi yanzu."

Rabo ya gyaɗa kai. "Na gane. Wato ba ka gama ko ɗaya ba."

Har Malam Nomau sai da ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Ni dai na farkon na sani," Rabo ya ce, ya tura famfon da ƙafa. "Ga shi nan, ya daina feshi."

"Bari in fara ganin abin da ya kawo ni," Dalhatu ya ce. Ya ɗauki ƙaramar jakarsa, ya ciro abin ɗaukar hoto, ya nufi ɗakin da sauri kamar yaro ranar salla. Shatu ta bi shi don ta ga fuskarsa in ya ga aikinta.

Ya shiga, ya tsaya. Ya dubi bangon gabas, ya dubi na arewa, ya juya ya dubi na yamma. Ya cire gilashi ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Shatu, an sauya wa Baba ɗaki ne?"

"A'a, Yaya. Shi ne. Gyara muka yi maka."

Ya zauna bakin gado a hankali.

"Bai yi ba?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Ya yi kyau," ya ce. "Kin iya aiki." Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. "Zo ki zauna in gaya maki."

Ya ce akwai wani aiki da ake son buɗewa a Maraɗi, na sanar da manoma ta rediyo lokacin da ya dace su yi shuka, don a rage asarar iri da ruwan farko mai yaudara ke jawowa. Masu ba da aikin sun ce sai an nuna masu awon ruwa na shekaru masu yawa daga cikin ƙauye. Na buron gari, wato ofishin gwamnati, akwai giɓi a cikinsa, musamman shekarun babban taron ƙasa na siyasa, lokacin da ma'aikata suka yi ta yajin aiki.

"Na ce masu na san wani ɗaki kusa da Gazawa mai damina talatin da bakwai a bango, ba fashi. Dariya suka yi. Suka ce in kawo hoto ranar Alhamis su gani. In sun gani, aikin nawa ne, in dawo gida da iyalina. In ba su gani ba, hutuna sati biyu ne, in koma."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Yaya?"

"Abin Baba ne. Na ga bai dace in roƙe shi ta salula ba." Ya dubi farin bangon. "A nan na koyi ƙirga, kin sani? Tun kafin a sa ni lakol, makarantar boko. Ina kwance ina ƙirga ɗigo tsakanin layi da layi."

Shatu ta dubi waje. Ta ƙofa tana hango gefen buzun Baba. An kashe rediyo.

Rabo ya leƙo. Da ya ji abin da ya faru, ya riƙe baki. "Kawu, ashe dukiya ka sa aka binne?"

Malam Nomau ya kawar da kai.

Dalhatu ya tashi ya karɓi wuƙa, ya fara kankare farin a wani lungu. Farar ƙasar ta zubo, gawayin ya biyo ta, laka ta fito ba komai a kanta. Ya tsaya da sauri. Ya ce a aro madubin Inna. Rabo ya tsaya tsakar gida yana haska rana cikin ɗaki, Dalhatu ya manna kumatunsa a bango yana neman inuwar kartar ƙusa. Shafi biyu ya cike ta sumul.

"Karatu uku," Rabo ya ce daga waje, "bangon laka ɗaya ya gagare ka. Ni da ban wuce aji biyu ba, ga ni riƙe da madubi."

Shatu na tsaye jikin ƙofa, tana murza gefen zanenta. Ita aji huɗu ta tsaya, kuma ba ta saba sa baki in maza na magana ba.

"Yaya," ta ce, "in an jiƙa shi fa?"

Ba wanda ya ji. Rabo na ta surutu, Dalhatu na cewa akwai wata fitila ta musamman da ke ganin ƙarƙashin shafi, amma sai a Yamai, in ma akwai.

Ta fita, ta ɗauko buta. Ta ratsa tsakaninsu ba ta dubi kowa ba, ta zuba ruwa a tafin hannu, ta yarfa wa bangon gabas. Farin ya yi duhu-duhu. Sai ga ɗigo huɗu, ga dogon layi, ga zobe, sun fito kamar an kira su.

Dalhatu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa bangon.

"Haka yake yi," Shatu ta ce da sauri, kamar mai ba da haƙuri. "Farar ƙasa ba ta rufe abu sai ta bushe. Tun jiya yake wahalshe ni."

Suna kallo, zafin rana ya sha ruwan, zanen ya koma ya ɓuya. Rabo ya karɓi butar ya kwara da yawa. Ruwan ya gangaro ya fara jan baƙin.

"Tsaya, tsaya," Dalhatu ya riƙe hannunsa. "Kar ya yi gudu. Raɓa muke so, ba ruwan sama ba." Sai ya juya ya dubi tsakar gida, inda famfon feshi ke kwance.

"Ka gani?" Rabo ya ce. "Da ma na san abin da nake yi."

Dalhatu ya naɗe hannun riga ya zauna ƙasa. Ya kwance famfon gunduwa-gunduwa, ya ciro wata 'yar roba da ta tsage. Ya yanko madadinta daga tsohuwar robar tayar keke, ya huda bakin feshin da ƙayar aduwa, ya sa aka wanke tankin sau uku da sabulu da toka saboda maganin ƙwari. Da aka gwada, ruwa ya fito laushi kamar hayaƙi. Inna, wadda tun safe ba ta fito ba, ta turo tulu biyu bakin madafa.

Suka kama aiki. Rabo na buga famfo, Shatu na riƙe da bakin feshin don ita ta san iyakar jiƙar da bango ke so, Dalhatu na bin ta da hoto kafin ya bushe. Sahu bayan sahu, daminun suka riƙa fitowa suna komawa. Akwai shekarar da ɗigo suka yi jere har ashirin da uku bayan zoben shuka. Rabo ya ce ya tuna ta, shekarar da suka ci ganyen tafasa har ya gundure su. Akwai wadda dogayen layuka suka tsaya kusa da kusa kamar karan dawa.

Suna tsakiyar bangon arewa, kusa da taga, feshin ya sauka a wani wuri mai faɗin faifai, ba abin da ya fito. Shatu ta sake fesawa. Laka ce kawai.

"Tsagar ce," ta ce. "Na cike ta jiya."

Dalhatu ya ƙirga sahun daga sama, ya sake ƙirgawa. Tsakiyar damina uku ce ta tafi, kuma su ne shekarun taron ƙasa da biyun da suka biyo baya, daidai inda awon buro ke da giɓi.

"Ba za su karɓa ba haka?" Shatu ta tambaya.

"Waɗannan ukun za su fara nema."

Dalhatu ya dubi ƙofa, ya dubi ƙanwarsa, ya gyara murya.

"Shatu, tambayi Baba ko yana tuna waɗannan shekarun."

Tsakanin uban da ɗan bai fi taku uku ba. Shatu ta tsaya a tsakiya ta maimaita.

"Gaya wa baƙonki," Malam Nomau ya ce, "shekara ashirin ba jiya ba ce. In na ce zan faɗa da baki, ƙarya zan yi."

"Baba ya ce..."

"Na ji. Ce da Baba irin wannan ba a baki kaɗai ake ajiye shi ba. Abin da hannu ya yi sau dubu, a wuri ɗaya, in an mai da mutum wurin, aka ba shi abin aikinshi, sau da yawa yakan dawo. Shekara takwas na yi kan wannan."

"Ashe dai akwai abin da ka koyo," Rabo ya ce.

Malam Nomau ya dafa ƙofa ya miƙe, ya laluba saman dogarin ƙofar ya ciro wata tsohuwar ƙusa mai santsi. Idonsa ya yi rauni shekarun nan, da hannu yake gane hanya. Shatu ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban bango.

Dalhatu ya ce a fara gwadawa da wata shekarar da suke da hotonta. Ya buɗe 'yar na'urarsa mai buɗewa kamar littafi, ya fito da hoton, Shatu ta ɗora hannun Baba a farkon sahun, inda ya riga ya bushe fari fat.

"Wace ce wannan?" tsohon ya tambaya.

"Ta goma sha biyu daga farko, Baba."

"Shekarar da saniyar Sanda ta faɗa rijiya." Ƙusar ta fara tafiya a hankali, ba ta karta ba, tana dai taɓawa. "Ruwan fari ya kai ɗani. Ban yarda da shi ba. Kwana shida. Sai yatsa. Kwana biyu, sai gwiwar hannu, nan na yi shuka. Wata ya tsaya. Sai kwana goma sha ɗaya ba komai, har hatsi ya fara naɗe ganye."

"Shatu," Dalhatu ya ce, idonsa kan hoton, "ce da Baba duk daidai ne, sai dai nan goma ne."

"Gaya wa baƙonki ya sake ƙirgawa."

"Na ƙirga sau biyu."

"To ya ƙirga na uku."

Shatu ta ɗauki bakin feshin ta jiƙa wurin sosai. Ɗigo goma suka fito. Ta ƙara kaɗan inda farar ƙasa ta yi kauri don ta ɗiga jiya. Na goma sha ɗaya ya leƙo.

Rabo ya saki famfo ya zauna ƙasa yana dariya har da hawaye. "A kai Kawu Kanada, a bar mana wannan ya yi noma."

Malam Nomau bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Aka gwada shi da wasu shekaru biyu. A ɗaya ya kuskure kwana ɗaya, ya kuma amsa cewa ya kuskure. Daga nan aka kai shi gaban lakar. Ya fara daga inda zanen ke nan, ya bi shi da ƙusa har bakin cikon, ya tsaya, leɓensa na motsi. Sai ya ci gaba, yana karta sabuwar lakar, ɗigo da layi, har ya haɗe da inda zanen ya ci gaba a ɗaya gefen. Sahu biyu suka haɗe daidai. Na uku ya rage gurbin kwana biyu, ya ce bai sani ba, kar a sa komai.

Dalhatu ya ɗauki hoto. Ya ce waɗannan zai rubuta su da wani launi daban, don abin da aka tuno daban yake da abin da aka rubuta ranar da ya faru, kuma zai nuna wa masu Maraɗi gwajin da aka yi.

"Ce mashi haka ya kamata," Malam Nomau ya ce.

La'asar ta yi suna bangon yamma, sahun ƙarshe-ƙarshe. Dalhatu ya ɗauki hoto, ya duba, ya tsaya. Ya koma baya, ya dawo.

"Nan hannu ya sauya," ya ce. "Daga nan zuwa ƙasa, damina huɗu. Layukan Baba suna karkata dama. Waɗannan a miƙe suke. Kuma..." Ya matsa. A farkon kowane sahu, da gefen kowane zobe, akwai ƙananan lambobi irin na lakol, rana da wata. "Wa ya rubuta wannan?"

Shatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Tun da idon Baba ya yi rauni ni ke zuwa gawon," ta ce. "In tona, in zo in gaya mashi, ya ce in zana. Lambobin ni na ƙara, daga kalandar ɗakina. Bai sa ni ba. In ɓata ne, a yi haƙuri."

"Ɓata?" Dalhatu ya cire gilashi. "Shatu, da waɗannan ranakun zan jera awonku da na buro kwana da kwana. Da su zan san ɗanin Baba milimita nawa ne. In na san wannan, duk sauran talatin da ukun sun zama abin da masu Maraɗi za su iya karantawa. Ina ta tunanin yadda zan yi da wannan tun cikin jirgi."

"Wato ya isa?" ta tambaya.

"Ya isa. Har ya yi yawa."

Ta rufe fuska da mayafi. Daga madafa aka ji guɗa ɗaya, gajeriya, aka kuma yi shiru, kamar mai yin ta ta tuna da kanta.

Suka fito tsakar gida. Malam Nomau ya koma kan buzunsa ya kunna rediyo. Wata motar 'yan siyasa ta wuce bakin hanya da kiɗa. Rabo ya goya famfonsa, ya gwada shi kan wata kaza, ta ruga.

"To Kawu," ya ce, "gobe a kasuwa za a tambaye ni. Injiniya zan ce, ko likitan kai, ko mai lambobi? Don yau na ga ya taɓa duka ukun."

Malam Nomau ya rage muryar rediyo. "Ka ce masu aikina ya gada. Hanya ce dai ya zagayo mai nisa."

Dalhatu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge gilashin da ba abin da ya same shi.

Tsohon ya juya ƙusar a hannunsa. "Shatu, gaya wa baƙonki bango na huɗu ba komai a kanshi, kuma kin shafe shi da kyau. Saura bai fi wata uku ruwa ya sauka ba."

Dalhatu ya matso ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu. Malam Nomau ya ratsa da hannu ta gefensu ya sa ƙusar a tafin Shatu.

"Zanen naki ne," ya ce. "Shi ya riƙa bin ki gawo yana tona. Hannunshi ya fi tsawo."